Ba a Nuna Gawa Ba

Shekara ashirin yayana ya yi yana fassara fina-finai, kuma bai taɓa yarda wani mugu ya mutu ba. Ɗakin aikinsa ɗan mitsitsi ne a bayan shagon wani mai aski. Ya lilliƙa kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar injin aski ta shiga, makirfon kuma sanye yake da tsohuwar safa. A nan yake zama ya ari muryar kowa, jarumi da budurwa da bos, wato mugun fim.

Ya fi ƙwarewa a fina-finan da ake cirowa daga wasannin gem na kwamfuta. A irinsu bos ba ya mutuwa kamar mutane. Ko ya faɗa rami, ko wuta ta haɗiye shi, ko gini ya rufta da shi. Nan yayana zai sauke murya ya ƙara nasa gishirin: "To jama'a, ya dai faɗa, amma ba a nuna mana gawa ba." Har sunan Ba-Gawa ya bi shi. Hujjarsa ita ce a gem rai uku ake ba mutum, kuma mai fim ba wawa ba ne da zai kashe wanda zai ci kasuwa da shi a kashi na biyu. Shi ya sa ba ya yanke rubutun ƙarshen fim, sai ya jira ko za a hasko hannu yana motsi cikin toka. Ni dai haushi yake ba ni. Mutum ne da ko ruwa aka ce ya ɗauke sai ya leƙa da kansa.

Bara aka gano autarsa tana da ciwon daji a wuya. Shekararta goma sha tara, a wurina take koyon ɗinki. Wata takwas muna jigilar asibiti, gashinta ya zube, rigunanta sai da na rage su sau biyu. Ranar da likita ta duba hoton ƙarshe ta ce, "Alhamdu lillahi, ba mu ga komai ba," ni da uwarta muka fashe da kukan murna.

Yayana kuwa ya ce, "Likita, ba ku gani ba ne, ko ciwon ya mutu?"

"A yanzu dai babu. Za mu riƙa dubawa duk wata shida."

A hanya na yi masa tas. "Haba Yaya, a gaban yarinyar? Wannan fa ba fim ba ne." Daga ranar, ko tari ta yi sai idonsa ya kai wuyanta, shi kuma ya bi ya rame.

Watan jiya ya gama wani sabon fim, ya kawo gida mu fara gani ranar Asabar da rana. Bos ya faɗa tafkin wuta, muka jira maganar da duk mun haddace. Sai muryar yayana ta fito daga talabijin: "Ya mutu, jama'a. Wannan ya tafi ke nan." Nan take fim ya yanke, ba rubutun ƙarshe.

Uwar Auta ta shige kicin, na kwashi kofuna zan bi ta. Ina bakin ƙofa na ji Auta ta ce, "Baba, na kalli na asalin a wayar ƙawata. Bayan rubutu idonsa ya buɗe."

"Wanda na samu babu wurin," in ji yayana.

"Baba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka mayar da wurin," in ji ta a hankali. Ta kama hannunsa ta ɗora a wuyanta, ƙasan kunne. "Yau kwana huɗu ina jin wani abu a nan. Na kasa gaya wa Umma da Goggo, sun riga sun gama murna. Kai kaɗai ne ba za ka ce mini ba komai ba."

Ya taɓa wurin. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Ɗauko katin asibitinki, Auta," in ji shi.

Goggon da take faɗa ni ce. Kwana huɗun nan duk a shagona ta yi su, keken ɗinkinta kusa da nawa, ina ta tsokanarta wai ta fara ƙiba.