Dabinon mai tasha

Da ɗana na biyu ya tafi karatu Japan, ba abincinsu ne ya dame ni ba, sallarsa ce. A wani ƙaramin gari ya sauka, kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa jami'a. Tashar tasu 'yar mitsitsiya ce a kan babban layi. Manyan jirage wucewa suke fuu, ko kallonta ba sa yi, sai mai tafiyar hawainiya ke tsayawa. Can magariba ke riskarsa, ya shimfiɗa darduma a ƙarshen dandamali cikin sanyi. Ni da ke unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki, kiran sallar Harami na iske ni har ɗaki, abin ya tsaya mini a rai.

Wata rana ya kira yana murna. Dattijon da ke kula da tashar, mai hula da farin safar hannu, ya matsar da benci a ɗakin jira, ya ware masa lungu kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

Na ce wannan ba a bar shi da godiyar baki ba. Na aika da dabino mai kyau ta hannun wani ɗalibi da zai koma. Ba a yi mako ba dattijo ya miƙo wa yaron akwatin ganyen shayi, an naɗe shi kamar kayan lefe.

"Tukwici ne," in ji Malam, maigidana.

"Haba Malam, tukwici ya fi kyautar? Wannan sai an rama."

Na aika da turaren wuta. Ya maido da tawul biyu. Na aika da yaji da man zaitun, ya maido da kofuna.

Sai yaron ya kira, murya a sanyaye. "Umma, don Allah halas, ya isa. A wurinsu duk kyautar da aka ba mutum nauyi ce, dole ya mayar. Yanzu in ya hango ni da leda, shigewa ofis yake. Jiya ko gaisawa ba mu yi ba. Kunya za ta sa in daina shiga ɗakin nan."

Garin neman kyautatawa ina shirin mayar da ɗana cikin sanyi.

"Ke da shi an gamu," Malam ya ce yana dariya. "Kowa ba ya son a fi shi kirki."

Na ce wa yaron gobe ya je hannu rabbana, ya haɗa mu a waya in ga mutumin. Washegari da ya kira, hantsi ne a wurinmu. Na gyara mayafi, sai ga dattijo a allon waya, ya cire hula ya sunkuya. Na russuna. Ya ƙara sunkuyawa, ni ma na ƙara, har goshina ya kusa taɓa wayar. Wani jirgi ya wuce da ƙara, muka ɗago tare, dariya ta kama mu duka.

Na ce a faɗa masa na ajiye makamai, daga yau addu'a kawai zan riƙa aikowa, ita ba a naɗe ta a takarda. Ya yi magana doguwa, yaron ya fassara: lungun nan nasa ne har ya gama karatu, sai dai ya riƙa rufe ƙofa da kyau, iska na shigowa.