Tokar Da Na Goge Tukunya Da Ita

Lokacin shekarata goma sha tara, na gama sakandare, jami'a ba ta kira ni ba, kuma ban iya komai ba sai barci da musu. Mama ta gaji da ganina a miƙe a kan kujera a gidanmu na unguwar Narayi, sai ta kai ni wani gidan matasa na Katolika a unguwar Romi, inda ake zama shekara guda ana addu'a, ana aiki, ana koyon zama da mutane. Mu goma sha biyu ne, da Sista mai kula da mu. Ƙararrawa ke tashinmu, ita ke kiranmu cin abinci, ita ke raba mu da waya. Ranar farko Sista ta ce za ta iya haƙuri da malalaci, amma duk wanda ya yi mata ƙarya zai tattara kayansa. Mama kuwa ta riga ta shelanta wa zumuntar mata cewa 'yarta ta shiryu. Babu abin da nake tsoro kamar a kore ni.

Ana gobe za a fara azuminmu na kwana arba'in, ni ce da girki, na kuma ƙona wake har tukunya ta yi baƙi ƙirin. Ina neman abin gugawa sai na ga wata roba a sito cike da toka mai laushi kamar hoda. Na ce Allah ya kawo. Na goge tukunyar har tana ɗaukar ido, na ƙara da ta tuwo, Sista ta wuce ta yaba mini, karo na farko tun zuwana. Sai da yamma na ji tana gaya wa katikis, malamin da ke taimaka wa Fada, cewa ta ƙona ganyen dabinon da aka yi biki da shi a coci bara, ta tankaɗe tokar, tana nan a roba domin shafa wa jama'a a goshi gobe, ranar Larabar Toka. Nan take na gane ita ce na goge tukwane da ita. Maimakon in faɗi gaskiya, na lallaɓa murhu na ɗebo toka, na tankaɗe, na cika robar. Ashe da rana wata 'yar ɗakinmu ta zubar da dakakken barkono, ta share shi cikin murhun bayan wuta ta mutu, don ita ma kada Sista ta gani.

Da safe maƙwabta suka cika ɗan cocinmu, har Mama ta hau keke napep ta zo. Fada ya albarkaci toka ya fara shafawa. Ba a gama layin farko ba atishawa ta ɓarke, tsofaffi na ta sharɓar hawaye, Sista ta raɗa mini cewa ba ta taɓa ganin tuba mai ƙarfi irin ta bana ba. Na hango Mama tana fifita goshinta da ɗankwali. Duk na daure, sai da Fada ya murza idonsa da babban yatsan da yake shafa tokar da shi.

Ana gama Misa na miƙe, na faɗi komai a gaban kowa. Fada, ido ɗaya a rufe, ya fara tambayata ko tukunyar ta fita. Ya ce tokar da na goge tukunya da ita ba a riga an albarkace ta ba, da na yi magana da dariya kawai za a yi. Sista kuwa ta ce tunda da bakina na faɗa kafin a tambaye ni, zan zauna, amma wanke-wanken kwana arba'in nawa ne. Mai barkono ta ɗaga hannu tana kuka, muka raba aikin.

Na koyi cewa kuskurena ƙarami ne, ɓoye shi ne ya ƙona goshin mutane, har da na uwar da nake gudun kunyatawa. Don haka ƙannena, in kun yi ɓarna ku faɗa da wuri. Mama ta yafe mini, amma har yau duk Larabar Toka sai ta tambayi inda na kasance jiya kafin ta shiga layi.