Malam Shekari da Goron Goggo Dije

Ƙarfe bakwai Malam Shekari yake barin Kamazou a babur. Kafin ya sa farar riga, sai ya kira duk wanda za a ɗauki hoton zuciyarsa washegari. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka a asibitin gefenmu, inda shi ne mai ɗaukar hoton, watan nan zai yi ritaya.

A da sau biyu ake yi wa kowa allurar da ke haska zuciya a ɗauke shi hoto: yana hutawa, sannan bayan an ba shi maganin da ke sa jini gudu kamar ya yi aikin ƙarfi. Shekari ya nace a fara da na biyun. In ya fito lafiya, mutum ya tafi gida, ya huta da allurar haske ta biyu da zaman wuni. Likitoci suka noƙe, don sai ɗayansu ya bar aikinsa ya duba hoton nan take. Shi kuwa sai ya tsaya a ƙofarsu har kunya ta sa su duba.

Ni da faɗa na san shi. Goggo Dije, ƙanwar babana mai waina a Nasarawa, ƙirjinta ke ɗaurewa. Ni ya kira, ya ce ban da kofi, shayi da goro. Na manta ban gaya mata batun goron ba.

Da muka je, haƙoranta ya fara kallo.

"Mama, kin ci goro?"

"Ɓari ɗaya ne, ɗana. Goro ai ba shayi ba ne."

"To, sai jibi."

Na yi ta masifa har mutane suka taru. Da na gaji, ya ce, "Oga, goro yana kashe ƙarfin maganin. Hoton zai iya fitowa garau, in sallame ta alhali jijiya a toshe."

Ranar da muka koma, hoton ya nuna toshewar. Aka ɗauki na hutawar ma, aka ɗora ta kan magani. Yau da safe na ci wainarta.

Malam Shekari, kai ne ka zaɓi shan zagi a kan ka mayar mana da ita gida da hoton ƙarya. Masu gadon kujerarka, ku riƙa duban mutum kafin takardarsa. Mun gode, Allah ya saka. Shekara huɗu ina jin nauyin ba ka haƙuri. A bainar jama'a na zage ka, ga shi a bainar jama'a ina cewa ka yafe mini.