Dokar Barba Frane

Shekara arba'in da ɗaya Barba Frane, wato Baffa Frane a harshenmu, ya yi yana walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garinmu, nan gaɓar Dalmatiya. Mahaifinsa na cikin leburorin da suka share fili bayan katangar ma'aikatar, suka haɗa raga da ragowar bututu, suka kafa kulob ɗin ƙwallon ƙafa, suka raɗa masa suna Sidro. Frane ya tsare gida shekara tara. Da gwiwa ta ƙi sai ya koma shugabanci, wato wankin riguna da zagin alƙalin wasa.

Taurin kai kam Allah ya ba shi. Shekarar da wani mai otal ya so saye kulob ɗin ya zuba 'yan wasan haya, Frane ya tsaya kai da fata aka rubuta doka: ba mai buga wa Sidro ko ya shugabance shi sai mai katin aiki na ma'aikatar, kuma ba a taɓa dokar sai masu kati talatin sun ɗaga hannu. Ranar har kafaɗa aka ɗora shi, aka wuni ana gasa kifi. Wa ya taɓa zaton wurin da mutum dubu huɗu ke shiga kowace safiya zai rasa talatin?

Sai aka rufe ma'aikatar. Samari suka watse Jamus da Norway. Masu kati suka rage biyar, duk masu gadi, ƙaraminsu ya haura hamsin. Frane ya rasa inda zai sa kansa, domin in Sidro bai fitar da 'yan wasa ba kakar nan, za a goge sunan kulob ɗin.

Ya ɗauki takardar dokar ya je ofishin wasanni wurin sakatariya Nevenka, 'yar tsohon abokinsa.

"Nevenka, 'yata, masunta da direbobi na so su buga mana. Layin nan kawai za ki soke."

"Ni, Barba? Kawo min hannu talatin."

"In tono su daga maƙabarta?"

"Wa ya aike ka ka ɗaure ta tamau haka?"

"Ba wanda ya aike ni."

Ta juya takardar. Tausayinsa ya kama ta, amma ba yadda za ta yi.

"Barba, kada ka ji haushina. Katinka ya mutu ranar da aka rufe ƙofa. Bisa dokar nan, ko wannan roƙon ba ka da ikon kawowa."

Ya buɗe baki zai yi masifar da ya saba, bai samu wanda zai yi wa ba. Ya ɗauki hularsa, ya ce ta yafe masa ɓata mata lokaci.