Baƙin Sarƙa a Ƙafar Wando

Babana bai iya zama ba, kuma ni na gado shi. Tun kafin a haife ni yake yawon kasuwannin ƙauye a kan keke, ya ɗaure ƙunshin yadi a baya, yau Bazaga, gobe Tsarnawa, jibi ya nausa har Malbaza. Da yayana ya girma ya shiga harkar mota, ya zama shi ke ɗauke da gidan, sai aka ce Baba ya huta. Ya ajiye tallan yadi, amma keken bai ajiye ba. Kullum da hantsi yana hanyar gonarsa ta Tsarnawa, inda tsofaffin abokansa ke jiransa a gindin wata tsamiya.

Ni ke yi masa wanki tun ina lakwal, wato makarantar boko. Ƙafar wandonsa ta dama kullum da baƙin sarƙar keke, ka cuɗa har hannunka ya yi ja, ba ya fita duka. Na tsani baƙin nan, kuma na sha gaya masa.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya taɓu. Hannun ya dawo da wuri, ƙafar ce ta tsaya yana janta. Likita ya ce a riƙa motsa ta, in ba haka ba za ta ƙage. Baba ya yi watanni a ƙofar gida kan tabarma, ya addabi kowa. Ya kira ni in gyara masa matashi, kafin in kai tsakar gida ya sake kirana in mayar da shi yadda yake. Duk mai keken da ya gifta sai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

A lokacin Yaya yana cikin masu kawo motocin hannu daga Kwatano. Wata rana ya sauko da wani keke daga bayan mota, mai kauri, da baƙin akwatin batiri a ƙarƙashin sirdi, da makulli kamar na mota. Duk Ƙonni ban taɓa ganin irinsa ba. In ka taka feda yana tafiya kamar kowane keke, in ƙafa ta gaji ka murɗa hannun dama, injin ya ɗauke ka shiru. Yaya ya kafa sharaɗi a gaban kowa: Baba ya tuƙa da ƙafa, inji sai a hawa. In ƙafar ba ta ƙara ƙarfi ba, fita shi kaɗai ta ƙare, sai dai a kai shi da mota. Mota kuwa kullum tana hanya, kowa ya san ma'anar wannan ita ce tabarma.

Baba ya koma zuwa Tsarnawa, fuskarsa ta washe. Ni ce hankalina ya ƙi kwanciya. Tsohon kekensa tun daga bakin masallaci nake jin kukansa, in ɗora ruwan shayi. Wannan ba ya cewa uffan, sai dai in juyo in ga mutum a zaure. Ga kamyon siminti, manyan motocin nan, daga Malbaza suna wucewa a kan gudro, titin kwalta, kamar za su tsaga ƙasa. Ina girki ina leƙa ƙofa, ban san sau nawa tuwo ya kama ba.

Wata rana Yaya ya dawo, ya zauna yana yabon yadda Baba ke tuƙa keke har Tsarnawa. Ni kuma bakina ba ya riƙe magana.

"Wane tuƙi?" na ce. "Wandonshi ko ɗigon baƙi babu. Batiri ka tahiya da shi."

Yaya ya dubi ƙafar Baba, Baba ya dube ni. Har yau ban ga ƙaryar da na yi ba.

Washegari na ɗauko wanki, sai ga baƙi a ƙafar wando, an shafa shi da yatsa lafiya lau. A ƙafar hagu. Na tsaya riƙe da shi, dariya da haushi suka haɗu mini. Sarƙar keke a dama take, kuma ba Baba za a koya wa wannan ba. Sai dai ya san ɗansa. Yaya ɗan mota ne, tun yana karen mota bai taɓa ɗora ƙafa a fedar keke ba, kuma in ya zo gaisuwa ƙafar da ke ciwo kawai yake kallo. Haka kuwa aka yi. Da ya ga baƙin ya yi hamdala, ya juyo ya ce mini, "Kin gani? Ƙahwar na aiki. Ki rage surutu."

Na rage. In na faɗa, na mayar da ubana tabarma. In na yi shiru, ƙafar tana nan tana bushewa a kan fedar da ba ta juyawa. Kullum da yamma ni ke kinkimar batirin in sa a wuta, ina yi ina ƙunƙuni. Baba bai taɓa ce mini komai ba, ni ma haka. Baƙin yatsa ba shi da wuyar wanki, cuɗa ɗaya ya fita.

Ana nan cikin bazara wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta ɗauke, ta yi kwanaki ba ta dawo ba. Batirin ya kusa ƙarewa. Rannan Yaya yana gida, yana shan koko a zaure, Baba ya fito ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, babu kuran, wuta ba ta dawo ba. Abin da ya rage ba ya maido ka."

Yaya ya ji. Ya yi dariya ya ce, "To mi ya dame shi? Da ƙahwa shika tuƙawa."

Baba ya dubi keken, ya daɗe yana dubansa. Da ya ce yau jikinsa ba daɗi, da shi ke nan, amma Baba ba zai faɗi haka a gaban ɗansa ba. Ya ce, "Hakanan ne." Ya hau ya murɗa, ya tafi.

Azahar ta yi bai dawo ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na fara tsince shinkafa na bari. Duk ƙarar kamyon da na ji sai in leƙa ƙofa. Yaya ya fita tasha, bai san abin da nake ciki ba, kuma ba ni da bakin gaya masa. Da aka yi la'asar na ja mayafi, na tare mai babur ɗin kabu-kabu, na ce mu bi hanyar Tsarnawa.

Ba mu yi nisa da gari ba na hango shi a gefen gudro. Keken yana tahowa kamar mai ciwon baya, ya karkata nan, ya karkata can. Baba ba rawani a kansa. Ya yage shi ya ɗaure ƙafar hagu a jikin feda don kada ta zame, ta dama tana dannawa tana jawo 'yar uwarta. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi fari. Na sauka na kama sirdi zan tura.

"Sake," ya ce. "Tahi gida."

Ban tafi ba. Na sallami mai kabu-kabu, na bi shi a ƙafa, kuma ban yi sauri ba ma na riƙa cim masa. Ina tafe ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya da kekensa. Daf da unguwarmu ya tsaya, ya ce in kwance masa ƙafar, ya cusa tsumman rawanin a aljihu.

Mun tarar da Yaya a ƙofar gida, ransa a ɓace. Ya taimaka aka sauko da Baba, ya zaunar da shi, sannan ya duba ƙafar hagu kamar yadda ya saba. Fes take, sai ƙura. Da safe Baba bai samu damar shafa komai ba. Ta dama kuwa ta yi baƙi ƙirin har ƙwauri, Yaya ko kallonta bai yi ba.

"Ka gani, Baba," ya ce. "Yau ƙahwar ta kasa. Ban iya barinka haka."

Na buɗe baki zan ce masa sarƙa a dama take, yau ce ranar da ƙafar ta yi aiki. Baba ya ɗago ya dube ni. In na kare masa yau, na tona duk sauran ranakun. Na haɗiye maganata. Yaya ya zare makullin keken ya sa a aljihu, cikin ladabi, har da ba da haƙuri.

Da asuba Yaya ya kama hanyar Kwatano da makullinsa, hankali kwance. A wurin ɗan mota, abin da ba makulli ba ya motsi.

Hantsi na yi na ji Baba yana kirana daga zaure. Ya cire akwatin batirin ya jingine shi a bango, yana riƙe da tsumman rawanin nan.

"Ɗiyata, ɗaure mani," ya ce. "Kar ki matse ƙwarai."

Bai sake kaiwa Tsarnawa ba. Iyakarsa bakin kasuwa, daga baya ma bakin masallaci. Rannan dai na durƙusa na ɗaure, na riƙe masa sirdi har ya danna feda. Sannan na koma kan wandon jiya, na cuɗa har hannuna ya yi ja, baƙin bai fita ba.