Mintin da Aka Rubuta da Sunana

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na samu gurbin koyon aiki a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Agogon masallaci muke yi, irin mai jajayen lambobi da ake ratayawa kusa da liman, wanda yake ƙara idan lokacin salla ya yi. Abokin yayana ne ya shigar da ni, ɗan unguwarmu a Kano, kuma shi ne babba a ɓangaren manhaja. Yaya nake ce masa, da zuciya ɗaya.

Ana saura wata biyu azumi mai kamfanin ya sauya wa agogon ƙwaƙwalwa da wata sabuwa mai araha. Aka ce in ɗauke manhajar lissafin lokutan salla daga tsohuwar in ɗora a sabuwar. Muna da gwaji mai kwatanta lissafinmu da jadawalin hukuma, rana-rana har shekara. Duk ya yi kore, alamar daidai, sai kwana tara da suka yi ja. A ranakun nan agogon yana nuna magariba minti ɗaya kafin lokaci, uku daga cikinsu kuma a watan azumi suka faɗo.

Sati guda ina fama. Na zargi jadawalin, na zargi kaina. Daga baya na sa ƙwaƙwalen biyu su fito da kowane mataki na lissafinsu, ina bi layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ashe kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo cif-cif, datse mata wutsiya take yi. Tsohuwar tana barin doguwar wutsiya, sabuwar gajera. Inda tsohuwar ta samu minti ashirin da ɗaya daidai, sabuwar sai ta samu ashirin ɗigo tara tara tara, manhajar ta zubar da abin da ke bayan ɗigon, ta rubuta ashirin.

Na nuna wa Yaya, ina ta jin kaina. Na ce gyaran zai ci sati biyu.

"Two weeks? Juma'a fa ake shipping, a kwashe kayan. Minti ɗaya ne, lah," in ji shi, da salon maganar 'yan ƙasar.

"Yaya, mintin shan ruwa ne."

Ya yi dariya, ya ce an samu sabon liman a ofis.

Ɗakin sallar ofishin mutum ɗaya yake ɗauka, don haka ni da shi bi da bi muke yi, ɗaya na salla ɗaya na duba teburin ɗan'uwansa. 'Yan ƙasar kuwa ko banɗaki za su sai sun kulle kwamfuta, ni kuma ina yi musu tsiya a raina. Wa zai garƙame ɗaki alhali yayansa na zaune a tsakar gida?

Ranar Laraba na dawo daga azahar na tarar ya ajiye mini ƙunshin shinkafa da kaza a tebur. Na kunna gwajin ina ci, sai ga komai kore. Na buɗe tarihin gyare-gyare. An ƙara layi ɗaya mai cewa bambancin minti guda ba laifi ba ne, an aika wa mai kamfani daga kwamfutata lokacin da nake salla, kuma sunana ne a kai.

Da yamma na same shi a mamak, gidan abincin da ke ƙasan ofis, yana shan shayi. Bai musa ba.

"Me ya sa da sunana, Yaya?"

"Kai intern ne, ɗan koyo. In an gano, a ce kuskure. Ni kuwa visa ta tafi, ga madam ga yara. Ka gane?"

Na gane sarai. Ya zauna ya auna wanda faɗuwarsa ta fi sauƙi, awon ya faɗa kaina. Tun da nake ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

Ban kai ƙara ba, kuma ba zan yi wa kaina ado ba: tsoro ne. Sunana ne a rubuce, shi kuma abokin yayana ne. Aka kwashe agogunan ranar Juma'a.

Ranaku ukun nan na azumi na haddace su. Ta farko ta same mu a buɗa-bakin jama'a a wani ƙaramin masallaci a unguwar Brickfields, ga agogonmu sabo fil a bango. Kusa da ni wani dattijo ne mai gadi, ya wuni a rana, leɓensa duk ya bushe, ya ƙura wa jajayen lambobin ido. Agogon ya yi ƙara, ladan ya tashi, dattijon ya yi bismilla ya kafa kai a kofi. Ni na riƙe dabinona ina kallon lokaci a waya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗaga kai. Yaya na zaune a sahun da ke fuskantata, dabino a hannunsa bai kai baki ba. Agogon hannunsa yake kallo, yana jira mintin ya cika.