Uwar Gawayi, Malamar da Ta Janye Takardarta

Ku abokan aikinta, shekara goma sha biyar kuna wuce ƙofar ɗakin gwajinta kuna toshe hanci saboda ƙauri, babu wanda ya tambayi abin da take ƙonawa. To ga tarihinta.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1958 a wani gari na bakin layin dogo, mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta ungozoma. Ta kammala digirin farko a kimiyyar sinadarai a 1981, aka riƙe ta koyarwa a jami'ar da ta yi karatu, ta sami digirin digirgir a 1990.

Aure

A 1984 ta auri wani likitan dabbobi mai yawan barkwanci, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Bincike

A 2008 ta duƙufa kan ƙwayoyin sinadarin gawayi, waɗanda dubunsu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Gawayi. Ƙwayoyin nan suna ba da haske idan an haska su cikin ruwa, amma da zarar sun bushe sun zama gari, sai hasken ya mutu, alhali busasshen garin ake bukata wajen ƙera fitila.

A 2013 ta wallafa takarda a mujallar masana cewa ta samar da gari mai koren haske, kuma da ita ta nemi kujerar farfesa. A 2015, ana gab da yanke hukunci, ta sake wanke garin da matacin da ya fi na da ƙananan ƙofofi. Hasken ya bi ruwan wankin, garin ya zauna baƙi wuluk. Ashe ragowar sinadarin da ta haɗa garin da shi ne ke walƙiya, ba ƙwayoyin ba.

Da ta ce za ta janye takardar, shugaban sashe ya ce, "Malama, wa ya aike ki? Ki bari kujerar ta fito tukuna."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ta fito, ɗan wani ya ƙone shekara uku yana bin kuskurena."

Ta rubuta wa mujallar ta janye takardar, kujerar ta wuce ta. Maigidanta ya riƙa tsokanarta cewa ita kaɗai ya sani da ta wanke farfesanci a bokiti. Ta yi dariya ta koma aiki.

A 2019 ta gano cewa ƙwayoyinta masu faɗi ne, idan sun bushe sai su hau juna kamar faranti, su haɗiye hasken juna. Ta maƙala musu rassan sinadari a gefe don su ba juna tazara. Garin ya haska, ta wanke shi sau bakwai, hasken bai gushe ba.

Ritaya da rasuwa

Ta yi ritaya a 2023 tana babbar malama, hankalinta kwance. Ta rasu ranar wata Talata a watan Maris na 2024, aka yi mata sutura bayan La'asar, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. Ta bar mijinta, da babbar 'yarta injiniyar ruwa, da mai bi mata malamin firamare, da auta mai ɗinki, da jikoki shida. Allah Ya jiƙanta.

Kai kuma da ka san wace takarda ce cikin waɗanda ka wallafa ba za ta jure wanki ba, zauna ka rubuta wa mujallar a makon nan.